TSOHON ƊINKI BA ABIN DARIYA BA NE

Duk mai lura da bukukuwan aure a Unguwar Rimi, da Malali, da Kawo, da Tudun Wada a 'yan shekarun nan ya san wata al'ada da ta shigo, wadda 'yan mata ke kira ranar ƙauyawa. A wannan rana ƙawayen amarya sukan tono tsofaffin zannuwan kakanninsu su ɗaura a karkace, su yi ɗige-ɗigen kwalli a fuska, su rambaɗa jan baki, su ɗauki ƙwarya da faifai, su fito ana shewa ana ɗaukar hoto da waya. Kashegari a cukuikuye kayan a tura ƙarƙashin gado, sai kuma wani bikin. Abin ya yi ƙamari har a shekarar 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar hana shi a jiharta.

Hani ko bari, wannan magana ce ta hukuma. Abin da ya kamata jama'a su duba shi ne abin da ke ƙarƙashin wasan, watau sha'awar da 'yan matan yau ke yi wa shigar da. Sha'awar kuwa ta gaskiya ce, domin ko a ranakun da ba na biki ba, ga riga mai faɗin hannu ta komo, ga bubu, ga ɗaurin ɗankwali irin wanda ake kira ɗaurin Maryam Babangida. Amma abin takaici ne a ce suturar da iyaye suka yi mutunci a cikinta ta zama kayan ban dariya na yini guda. Wanda ke son tsohon ɗinki da gaske, hanyar girmama shi ɗaya ce: a koyi yanka shi da ɗinka shi a cikin gida, tun tsofaffin da suka iya suna da rai.

ABIN DA HOTUNA KE NUNAWA

Da fari dai, shigar da ake yi a ranar ƙauyawa ba ita ce shigar matan Kaduna na da ba. Mai shakka ya ɗauko hoton auren mahaifiyarsa ko na kakarsa, ko ya nemi tsofaffin hotuna irin waɗanda ake ajiye da su a Gidan Arewa da ke kan hanyar Rabah. Ya dubi matan da suka fito bikin samun mulkin kai a 1960, da waɗanda suka halarci babban hawan daba da aka yi a Kaduna a 1977 lokacin bikin FESTAC. Abin da zai gani shi ne mata tsaf-tsaf: zane ya sauka har idon sawu, bakinsa a miƙe kamar an ja layi, riga mai sakin jiki da ɗan tattara a kafaɗa, gyauto a ƙugu, ɗankwali a ɗaure daram, mayafi a kafaɗa, tsakiya ko murjani a wuya, awarwaro a hannu. Babu mai kama da mahaukaciya a cikinsu.

Ba a Arewa kaɗai aka ɗauki wannan sutura da daraja ba. A shekarar 1960 Shade Thomas-Fahm ta komo daga Ingila, inda ta koyi zayyanar tufafi, ta buɗe kanti a Legas. Maimakon ta tsaya ga rigunan Turawa, sai ta duƙufa a kan yadin gida da ɗinkin gida, har ta yi suna da zanen da aka ɗinke aka sa masa zif domin matan da ke zuwa ofis. Watau tun a wancan zamani masu ilmin abin sun gane cewa shigar gargajiya tushe ce da za a yi gini a kanta.

HIKIMAR DA KE CIKIN YANKAN

Kyan tsohon ɗinki bai tsaya ga ido ba, akwai lissafi a cikinsa. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku ke nan. Macen da takan bar falle ɗaya ko biyu ba ta sa musu almakashi ba, sai dai ta kalmashe baki. Daga falle guda take fid da riga, abin da ya saura ya zama ɗankwali. Zanen da ba a yanka ba kuwa dukiya ce a ajiye. Yau a ɗaura shi, gobe a goya yaro da shi, in ya kwana biyu ya zama abin rufa ko na shimfiɗa, in kuma mai tsada ne a adana shi a adaka har 'ya ta gada. Ba ruwansa da ƙiba ko rama, ba ruwansa da juna biyu.

Rigar ma haka take. Masu ɗinkin da sukan bar rara a cikin kowane ɗinki na gefe, domin in jiki ya ƙaru a farke a buɗa, in ya ragu a tsuke. Yankan kuma miƙaƙƙe ne, saboda haka ƙyallen da ke zuba kaɗan ne, shi ma ba a zubarwa, ana haɗa shi a yi wa jariri riga, ko a yi jakar kuɗi, ko rigar matashin kai.

A gwada wannan da ɗinkin da ya fi yawa a yau. Ana daddatsa turmi guda gunduwa-gunduwa, a sa shafi, a manna duwatsu, a matse riga daidai jikin mai ita na wannan wata. Bayan haihuwa ɗaya ba ta shiga, ba ta kuma gyaruwa, ba a samun ko majanyi a cikinta. Sau da yawa kuɗin ɗinkin yakan kusa kamo kuɗin atamfar, wani lokaci ma ya wuce. A wannan zamani na tsadar abinci da kuɗin makaranta, maigida da uwargida duka sun san inda abin ke yi musu ciwo.

INA KEKEN UWARGIDA?

Aikin tufafi a hannun matan ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne. Tun kafin zuwan Turawa mata ke kaɗi da mazari, su sayar da zare ga masaƙa, waɗansu kuma su yi saƙar gwado a cikin gida. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda kaɗi yake cikin sana'o'in matan aure na zamaninta. Har yau kuwa a birnin Zariya akwai matan da ke ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga da allura, suna rufa wa kansu asiri ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Da keken ɗinki ya zo, sai ya tarad da hannuwan da suka saba. Keken Singer, wanda Isaac Singer ya fito da shi a Amurka a 1851, da na Butterfly mai tambarin malam-buɗe-littafi da ake kawowa daga ƙasar Sin, sun shiga gidaje da yawa a Kaduna, har iyaye masu hali sukan haɗa wa 'yarsu da shi cikin kayan ɗaki. A makarantun 'yan mata kuma ana koyar da aikin allura da saƙar kwarashi a darasin kula da gida. Yarinya ba ta gama makaranta sai ta iya kalmasa, da sa maɓalli, da yin faci.

Yau fa? Kekunan nan da yawa suna nan a lungun ɗaki, an lulluɓe su da tsumma an ɗora musu kwanuka. Maɓalli ya cire, sai an jira mai keken tafi-da-gidanka ya wuce yana kaɗa almakashi. Matan da suka iya yanka riga ba tare da sun duba littafi ba, waɗanda suka yi 'yanmatancinsu a shekarun 1960 da 1970, yanzu sun haura sittin, waɗansu sun haura saba'in, ido ya fara rauni. Duk wadda ta rasu a cikinsu ba ta koya wa kowa ba, ta tafi da abin da babu kantin da ke sayarwa.

DARASIN KAKURI

Mutanen Kaduna sun fi kowa sanin yadda sana'ar tufafi ke kuɓucewa. A ƙetaren kogi, a Kakuri, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, da haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Bayanta Nortex, da Arewa Textiles, da United Nigerian Textiles suka biyo a shekarun 1960. Audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau ita ake sarrafawa a nan, a fitar da akoko da atamfa, dubban magidanta suna ci daga ciki. Har hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli ta ƙasa a Kaduna aka kafa ta.

Sa'an nan abubuwa suka juya. Ga rashin tsayayyar wutar lantarki, ga tsadar baƙin man da injuna ke sha, ga tsufan injunan kansu, ga yadin fasa-ƙwauri da ke kwararowa ta kan iyaka, ga kuma ɗage hanin shigo da yadi da aka yi a 1997. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, Arewa Textiles ta bi sahu, United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007, ko da yake an yi ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya. Yawancin atamfar da ake gani a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, daga ƙasashen waje take zuwa.

Gwanjo ma ya samu wurin zama, alhali kuwa tsofaffin tufafi suna cikin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su. Kasuwar Barci ta Tudun Wada, wadda ta samo asali a 1973 lokacin da gwamnatin Birgediya Abba Kyari ta kwashe 'yan kasuwa domin a sake gina Babbar Kasuwa, ta yi suna da dilolin gwanjo da kuma tarin teloli, kafin a rushe ta a 2020 domin a yi mata sabon gini. Abin mamaki, yarinya takan shiga layin 'yan gwanjo ta tsinci rigar da wata Baturiya ta yar, ta saya da murna tana cewa tsohon yayi ne mai tsada, ga kuwa na kakarta a adaka tana yi masa dariya. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Saƙa ta riga ta kuɓuce. Abin da ya saura a hannun mutanen gari shi ne yanka da ɗinki. In shi ma aka sake shi, to, an zama 'yan kallo a kan abin da ake sawa a jiki.

YADDA ZA A FARA

Abin bai kai wuyar da ake zato ba, domin tsohon ɗinki shi ne mafi sauƙin koyo. Kayan aikin su ne keke, da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, da tef na awo, da alli, da allurai, da zare, da dutsen guga. Keken ƙafa ko na hannu ba ya jiran wuta, man keke kaɗai yake bukata da shara.

Mai koyo ta nemi tsohuwar rigar da ta mutu a cikin kayan kakarta, ta farke ta a hankali, ta goge kowane ɓangare, ta shimfiɗa a kan takarda mai kauri ta zana. Ta samu ma'auni ke nan wanda za ta yi ta amfani da shi. Kada ta fara da atamfa mai tsada, ta gwada hannunta a kan tsohon zanen gado tukuna. In yadin auduga ne, ta jiƙa shi ya bushe kafin ta yanka, don kada ya tsuke bayan wankin fari. In atamfa ce mai manyan zane, ta lura kada furen gaba ya dubi sama na baya ya dubi ƙasa, ta kuma daidaita zanen a inda ɗinki ya haɗu. Ta auna sau biyu kafin ta sa almakashi, ta bar rara a gefe, ta riƙa bin kowane ɗinki da guga. Daga kalmasar zane za ta wuce zuwa ɗankwali, daga nan shimi da rigar yara, kafin ta kai ga riga mai hannu da wuya.

Kayan ado ma haka. Tsakiyar da zarenta ya tsinke ana iya sake shirya ta. Ƙyallen da ya saura ya isa jakar hannu, ko a lulluɓe maɓalli da shi ya dace da riga. Mai son abin ya ƙara armashi ta nemi saƙi na hannu, ko yadin da aka rina da baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ta yi gyauto ko mayafi da shi. Ta haka kuɗinta ya shiga aljihun masaƙi da marini na gida.

MASU JA DA MAGANAR

Akwai masu cewa wannan koma-baya ne, duniya ta ci gaba. Su dubi kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa tun 1846, mai yin atamfar da matan ƙasar nan ke alfahari da ita a lefe. Har gobe yana buga waɗansu zane-zanen da ya fitar shekaru da dama da suka wuce, ana kuma rububinsu. Su sun san da tsohuwar zuma ake magani. Ingila kanta, da yaƙin duniya na biyu ya matsa ta, ta yi rabon tufafi da kati daga 1941 zuwa 1949, gwamnatinta kuma ta buga ɗan littafi a 1943 tana koya wa mata gyaran tsofaffin kaya da juya su. A nan kusa kuma, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙin ƙasarsu da ake kira Faso Dan Fani, saƙin kuwa yana nan da martabarsa har yau.

Akwai masu cewa za a kashe wa teloli kasuwa. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu Salla ya san aikin ya fi ƙarfin masu yin sa, shi ya sa alkawarin tela ya zama abin zolaya a gari. Babbar riga, da kaftani, da surfani, da ɗinkin amare suna nan a hannun gwanaye. Abin da ake magana a kai shi ne kayan yau da kullum na mace da 'ya'yanta. Macen da ta san ɗinki ma ita ce ta fi sanin darajar aikin tela na ƙwarai. Ban da haka, mata da yawa da mazajensu sun fi samun natsuwa in mace ce ta auna mace.

Akwai kuma masu cewa keke ya yi tsada, lokaci kuma babu. Gaskiya ne sabon keke ba abin wasa ba ne a yau. Amma matan da ke zuba adashi domin anko na biki guda, wanda ba za a sake sawa ba, suna iya zuba shi domin abin da zai shekara talatin yana aiki. Tsofaffin kekunan da ke lungu kuma yawancinsu mai da sabuwar igiya kawai suke jira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai a faɗi gaskiya, ɗinkin gida ba zai tayar da injunan Kakuri ba. Wannan aiki ne na wuta, da auduga, da tsaron kan iyaka, nauyinsa kuwa a wuyan gwamnati yake. Abin da ɗinkin gida zai yi shi ne ya tsare kuɗin aiki a cikin gida, ya tsawaita ran kowane turmi, ya ba matar aure da bazawara da marainiya abin yi, ya kuma raya jama'ar da ta san yadi mai kyau in ta taɓa shi. Ran da masaƙun suka farfaɗo, irin waɗannan mutane ne za su zama masu sayen kayansu na fari.

KIRA GA WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna ta tabbata darasin kula da gida bai tsaya a kan allo ba. A sa kekuna masu aiki a makarantun 'yan mata, a kuma gwada ɗaliba da abin da hannunta ya ɗinka. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda babu unguwar da ba su, suna iya keɓe sa'a guda a mako domin wannan, su gayyato tsofaffin unguwa su koyar, a riƙa ba su ɗan abin goro.

Kwalejin Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, wadda ke da sashen koyar da zayyanar tufafi, ita ta fi cancanta ta tura ɗalibanta gida-gida su auna tsofaffin riguna, su zana ma'auninsu, su rubuta sunayen ɗinki da na ɗauri irin su ture-ka-ga-tsiya daga bakin masu su, a buga cikin Hausa a sayar da araha. Gidan adana kayan tarihi na kan hanyar Ali Akilu kuma ya nemi iyalai su ba da aron kayan iyayensu a baje kolinsu, domin yara su ga yadda abin yake a ainihinsa.

Ga iyaye maza, mai shirin kayan ɗakin 'yarsa ya rage kujera ɗaya ya sa keke a gurbinta. Ga 'yan mata kuwa, sha'awarsu ba laifi ba ce, gyara kawai take bukata. Maimakon a ari zanen kaka a yi wasa da shi yini guda, a je a durƙusa a gaishe ta, a ce, "Hajiya, a nuna mini yadda ake yanka wannan." Ko shakka babu za ta buɗe adaka da farin ciki, domin ta daɗe tana jiran mai tambaya.

Allah ya ba da ikon gyarawa, ya sa albarka a sana'ar hannu, amin.